Gadarif, rumbun ƙasar Sudan

Yara, ku duba taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan Maraɗi, ku yi gabas, ku ratsa Cadi, ku ƙetare kogin Nilu. Kafin ku kai iyakar Habasha, za ku ga garin Gadarif.

Wannan hanya ce kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Makka. Wasu guzurinsu ya ƙare, suka tsaya noma, ba su koma gida ba. Jikokinsu na nan a Gadarif, suna jin Hausa da Larabci.

Da can wurin kasuwa ce ta makiyaya. Ana ce mata Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, shugaban ƙabilar Shukuriyya. Jirgin ƙasa ya iso a 1928, gari ya fara girma.

Arzikin Gadarif yana cikin ƙasarta. Baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage, da damina ta yi danƙo har ta riƙe ƙafar mutum. Nomanta da hauya akwai wuya. Wajen 1945 aka kawo taraktoci, aka share gonaki masu faɗin gaske, aka shuka dawa da riɗi. A cikin gari akwai wani dogon rumbu na siminti mai cin tan 100,000 na hatsi.

Amma riɗi sai da hannu. In ya nuna aka yi jinkiri, kwansonsa ya fashe, ƙwaya ta zube. Don haka da kaka dubban ma'aikata ke zuwa yankansa, har daga Habasha. Wani a sayar ƙasashen waje, wani a matse mai. Akwai injinan matsa, akwai kuma masu sa raƙumi ya yi ta zagaya babban turmi.

Garin yana da jami'a tun 1994. Abin mamaki, babbar wahalarsa ruwan sha ce. Laka ba ta barin ruwan sama ya nutse sosai. Daga kogin Atbara ake jawo ruwa da bututu, kuma ba ya isa. Unguwanni da yawa sai su saya wurin masu amalanken jaki.

A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan. Dubban iyalai suka gudo Gadarif, aka sauke wasu a ɗakunan karatu. Yara kamarku suka daɗe ba su shiga aji ba.