Kifin Bandan Tarauni da Doguwar Hanyarsa

A kasuwar Tarauni, mai kifin banda yakan jera tarwaɗa a faranti, kowace a lanƙwashe, jela a baki, ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Matan Gyaɗi-Gyaɗi sukan ɗaga, su shinshina, su yi ciniki, su wuce. Da yawa daga cikin kifin nan daga Hadeja, Nguru, Gashuwa ko bakin Tafkin Cadi aka ɗauko shi, kuma yawan na Hadeja da Nguru ya rataya ne a kan ruwan da ake saki daga jihar Kano.

Kifin kogunan waɗannan wurare matafiyi ne. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa da kawara sukan bi sabon ruwa su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai. A nan 'ya'yan suke samun abinci da maɓoya, har ruwa ya fara janyewa su koma kogi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano, sun rage ambaliyar da ke cika fadamar Hadeja da Nguru, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Ga kuma dumba, jerin guraye da masunta ke gittawa daga gaɓa zuwa gaɓa, tana tare babba da ƙarami. Wanda ya kafa ta yau zai cika kwando, amma ya cinye rabon na ƙasa da shi har da na baɗi.

Masana teku sun ga irin wannan doguwar tafiya a kan kifin shak. An taɓa liƙa wa wata shak na'ura a Afirka ta Kudu a 2003, ta yi iyo har Ostireliya ta dawo cikin wata 9. Kariyar ƙasa ɗaya ba ta wadatar da irin wannan dabba, shi ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare shak masu ƙaura a 2010.

Haka ma ruwan Tiga ba na ƙasa ɗaya ba ne: yana ratsa Jigawa da Yobe, ya zama iyaka da Nijar ta wajen Diffa kafin ya kai Cadi. Hukumar Tafkin Cadi tana nan tun 1964. Ya kamata a riƙa sakin ruwan madatsun nan daidai lokacin hayayyafar kifi, a kuma zaunar da sarakunan ruwa na sama da na ƙasa su tsayar da watannin hana dumba tare.