Mazan Jiya: Inda Suka Je da Abin da Suka Bari

  Yau za mu yi magana bisa mazan jiya, watau tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi ƙarƙashin tutar Faransa.

Manyanmu sun san su. Ran biki sukan fito da jar dara bisa kai, da lambobin girma a ƙirji, yara na bin su a baya. Amma mutane da yawa ba su san inda suka je ba, ba su kuma san abin da suka gani ba.

Yadda aka ɗauke su

Nasara sun kafa wannan runduna a ƙasar Senegal cikin shekarar 1857. Shi ya sa ake ce masu tirayer na Senegal, ko da mutum Bahaushe ne ko Bazabarme ko Babarbare.

Cikin 1919 aka yi dokar da ta tilasta wa samari aikin soja na shekara 3. Kumandan yakan aika wa sarki ya tara samari. Likita ya duba lafiyarsu, sa'an nan a yi ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa sai ya tafi. Akwai waɗanda suka shiga da son ransu, don neman albashi. Akwai kuma iyayen da suka ɓoye ɗiyansu cikin daji, ko suka tsallakar da su iyaka zuwa Najeriya. Sau da yawa ɗan mai hali ya tsira, ɗan talaka ya tafi.

Inda suka je

Manyan yaƙe-yaƙe 4 suka yi. Na fari shi ne yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918. Faransa ta ɗauki mutum wajen dubu 200 daga ƙasashen Afirka da take mulki, wajen dubu 30 ba su komo gida ba. Na biyu shi ne yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Na uku yaƙin Indoshin, can ƙasar Biyetnam, daga 1946 zuwa 1954. Na huɗu yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Janar Seyni Kunce, wanda ya shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987, shi ma ya yi aikin soja a Indoshin da Aljeriya.

Abin da suke tunawa

In tsohon soja ya fara ba da labari, yakan fara da teku. Mutumin da bai san ruwan da ya fi tabki ba, ga shi kwana da kwanaki cikin jirgi, ba tudu ba itace. Daga nan sai sanyi. Sanyin Faransa ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Ruwa na daskarewa, yatsu na mutuwa, har hannu ya kasa riƙe bindiga. Don haka lokacin ɗari akan kai su bariki a kudancin Faransa, a garin Firejus. Can aka gina masu masallaci mai kama da na garin Jenne, yana nan har yau.

Suna tuna abokai. Bahaushe da Bambara da Mosi suka ci tukunya ɗaya, suka kwana rami ɗaya. Da yake ba su jin harshen juna, sai su yi magana da ɗan faransancin bariki. Suna tuna layar da uwa ta ba su ran tafiya. Suna tuna wanda aka rufe can, ba dangi kusa.

Akwai kuma abin da ba su son faɗi. Wani ya komo gida ya daina yawan magana. Wani yakan zabura cikin dare in ya ji tsawa. Mutane su ce ya taɓu, alhali kuwa ciwon yaƙi ne. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma ana maganinsa.

Abin da ya fi ɗaci gare su shi ne rashin adalci. Ran 15 ga Agusta 1944 suna cikin sojojin da suka sauka gaɓar kudancin Faransa don korar Jamus. Amma kafin a gama yaƙin aka janye da yawa cikinsu, aka ba Turawa kayansu. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroyi kusa da Dakar, wasu da suka fito daga hannun Jamus suka nemi kuɗinsu. Sai sojan Faransa suka buɗe masu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da yawa sun ce sun fi haka ƙwarai. Sai cikin 2024 shugaban Faransa ya yarda kisan gilla ne.

Waɗanda aka bari gida

Yaƙi ba soja kaɗai yake ci ba. Uwa na jira, mata na jira, gona ta rasa hannu. In wasiƙa ta zo, sai a nemi tafinta ko ɗan lakkol ya karanta, asirin gida ya fita waje. Wata mace ta yi shekaru ba ta san ko mijinta na da rai ba. Wata ta shiga takaba bisa takarda ɗaya daga ofis, ba gawa ba kabari. Waɗannan mata su ma suna da labari, amma ba a cika tambayarsu ba.

Maganar fansho

Cikin Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta tsai da kuɗin fanshon sojojin ƙasashen da za su samu mulkin kai. Na Bafaranshe na ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afirka yana nan inda yake. Tare suka sha wuta, amma ba a biya su daidai ba. Wani tsohon soja na Senegal, Amadu Jop, ya kai ƙara, kuma cikin 2001 babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya. A 2007 aka daidaita wani sashe na kuɗin, a 2011 aka daidaita sauran. Amma wani ɓangare na ƙarin sai wanda ya rubuta takardar nema cikin wa'adi. Kafin nan kuwa, mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya rage gare mu

Tirayer na ƙarshe da aka sani cikin na yaƙin 1914, Abdullahi Njai na Senegal, ya rasu a 1998. Wanda yake da shekara 20 a 1945, ya cika 100 a 2025. Na Aljeriya ma sun wuce 80. Lokaci ya ƙure.

To, mi za mu yi? In da tsohon soja a garinku, ku je ku gaishe shi, ku zauna ku saurara. In ya rasu, ku tambayi matarsa da ɗiyansa. Ku rubuta sunansa, da sunan garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, da ƙasar da ya je, da shekarar da ya komo. In bai so ya faɗi wani abu ba, kada ku matsa masa.

Ku duba cikin adaka. Littafin soja na ɗauke da lambar mutum da wuraren da ya yi aiki. Da wannan lamba ake neman sunansa a ofis. Ku naɗe littafin da hotuna da lambobin girma cikin tsumma mai tsabta, ku ajiye inda gara da ruwa ba su kai. Kada ku sayar, kada ku ba wanda ba ku sani ba.

Waɗanda suka rasu, Allah shi jiƙansu. Waɗanda ke da rai, Allah shi ƙara masu lafiya. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.