Ranar Zaɓe: Kamancin da Ba Shi da Darakta

Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ibro. Ya rasu a Disamba 2014, saura 'yan watanni a yi zaɓen da, da yana raye, wallahi sai ya fitar da kaset uku a kansa. Ranar 28 ga Maris 2015, a garin Otuoke na Jihar Bayelsa, na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi amincewa da Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan kansa. Aka gwada, aka sake gwadawa, 'yan jarida sun kafa kyamarori, har dai aka haƙura aka tantance shi da takarda. Wane marubucin fim ne zai rubuta wannan sin ɗin furodusa ya yarda?

To, mai karatu, abin da ya samu shugaba ya samu talaka. A rumfunan Arewa, idan na'ura ta ƙi yatsan mace sai a ɗora wa lalle laifi. Ga amarya da ƙunshinta ja wur, malamin zaɓe ɗan bautar ƙasa yana ta goge mata babban yatsa, 'yan layi suna ba da magani kyauta: wannan ya ce a wanke da omo, wancan ya ce a goga a jikin zane. Da BVAS ta zo, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, sai ta ƙara da duba fuska. Nan kuma masu kwalliyar zuwa biki suka sha tsiya, wai ba su yi kama da hoton katinsu ba.

Rumfar zaɓe lokeshin ce sosai. Akwai dattijon da ya ajiye dutse tun asuba ya riƙe masa layi, ya dawo ya tarar dutsen ya yi masu biyu. Akwai mai fiya wata da mai awara, su ne kaɗai suka tabbata za su ci riba. Jarumi kuwa in ya zo da baƙin gilashi, layi ya watse ke nan, kowa na son hoto, amma ƙuri'arsa ɗaya ce tak, daidai da ta mai ɗauko masa jaka.

Sai dai akwai sin ɗin da ba a sake ɗauka. Wani saboda kunyar jam'iyyu biyu da suka gaishe shi, sai ya dangwala wa duka biyun, wai kada a ce ya yi butulci. Wani ya naɗe takarda tawada ba ta bushe ba, ta shafi gidan wani. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015 ƙuri'u sama da 800,000 aka jefar a matsayin lalatattu. Mutum ya sha rana tun safe, a ƙarshe ba a sa sunansa ko a cikin 'yan rakiya ba.

Da yamma ne ake zuwa ƙarshen fim. Masu "a kasa, a tsare, a raka" sun kewaye akwati, malami na ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na ƙirga da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya. In duhu ya yi, kowa ya kunna tocilar wayarsa. Da an ɗaga mai dangwale biyu, sai ihu ya tashi, kowa na waige-waige yana neman wanda ya sunkuyar da kai.