Idan Mai Ciki Ta Faɗi a Banɗaki

A unguwar Sabo ta Ibadan, inda Hausawa suka kafu tun 1916, gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, banɗakin kuwa ƙarami ne a lungu. Idan mai ciki ta shiga da bokitin ruwan zafi aka ji ta yanke jiki ta faɗi, nan take tsakar gida ke yanke hukunci: ta yi gamo. Alhali tun 1945 likitoci suka san wata farfaɗiya da wankan ruwan zafi ke tayarwa. An fi ganinta a kudancin Indiya, inda likitocin Bangalo suka tattara bayanan ɗaruruwan masu ita, sai Turkiyya. Yadda take zuwa kusan ɗaya ne. Ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 50, ana kwara shi a ka da moɗa ba ƙaƙƙautawa, sai mutum ya yi zuru, ya rikice, wani jikinsa ya sandare ya hau karkarwa. Ga mai juna biyu abin ya fi muni: ga faɗuwa kan siminti, ga ƙuna, ga ɗaukewar numfashin da ɗan cikin ya dogara da shi.

Za a ce kakanninmu sun yi wankan jego kwana arba'in da ruwa mai tururi da ganyen darbejiya, ba su faɗi ba. Gaskiya ne, ciwon ba kowa yake kamawa ba. Amma al'adar ma ba ta fita salin alin ba, domin a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya da wannan gashi da kunun kanwa.

Wani kuma zai ce a sirka ruwan kawai, a daina kwarawa a ka. Hakan na wadatar da mutane da dama, sai dai ba kafin a auna jini da fitsari ba. Jijjigar da hawan jini ke kawo wa mai cikin da ya haura wata biyar tana kama da wannan sak, ba ruwanta da zafin ruwa, kuma tana kisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ba shi da nisa da Sabo, ga asibitin haihuwa na Adeoyo a Yemetu, a ranar ya kamata a kai ta. Sayen maganin farfaɗiya a kemis kuwa ganganci ne, don wasunsu suna nakasa ɗan tayi.