Kalmar "Bodega": Asalinta da Yawon da Ta Yi

Kalmar da zan yi magana a kanta yau ita ce bodega. Haka mutanen birnin New York na Amurka suke kiran ɗan kantin unguwa, inda akan sayi burodi da madara da sabulu. Kalmar ta Sifaniyanci ce, amma tushenta ya girmi Sifaniyanci nesa ba kusa ba.

Girkawan da suna da kalma apotheke, watau ma'aji. Rumawa suka are ta cikin Latinanci, ta zama apotheca, suka riƙa kiran ɗakin ajiye giya da ita. To, da Latinanci ya daɗe a bakin mutanen Sifen, sai baƙaƙen da ke tsakanin wasula suka yi laushi: p ya koma b, t ya koma d, k ya koma g. Wasalin a na farko kuwa ya faɗi. Duk wanda ya bi waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya, zai ga apotheca ta zama bodega ba tare da an yi mata dole ba. Daga wannan tushe ne Faransanci ya sami boutique, Italiyanci bottega, Jamusanci kuma Apotheke, kantin magani.

A Sifen har yau ma'anarta ta fi karkata ga ma'ajin giya, ko cikin jirgin ruwa inda ake loda kaya. Sai da ta ƙetare teku ta zama kantin kayan masarufi, musamman a Kuba da Peru da Benezuwela. A Kuba ma, tun 1962 da aka soma rabon abinci da ɗan littafi, bodega ce wurin da iyali ke karɓar kasonsu na shinkafa da sukari. Amma a Meziko, in ka ce bodega, sito za a nuna maka.

Mutanen Puerto Rico, waɗanda aka bai wa 'yancin zama 'yan Amurka a 1917, su ne suka yaɗa kalmar a New York, sa'ad da suka kwararo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya sana'ar ta koma hannun mutanen Jamhuriyar Dominika, sannan Yamalawa suka shigo. Ranar 2 ga Fabrairu 2017 Yamalawan suka rufe kantunansu, don nuna ƙin dokar Shugaba Trump ta hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, jaridu kuwa suka kira abin yajin bodega, alhali masu yajin Larabci ne harshensu.

Kada mu yi mamaki ƙwarai. Kalmarmu ta kanti daga canteen ta Ingilishi muka aro ta, Ingilishi daga Faransanci, Faransanci kuma daga cantina ta Italiyanci, wadda ita ma ma'anarta ɗakin ajiye giya.