Rankwafawar Mai Gigin Tsufa: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Duk wanda ya zauna a Karofane, ko ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Buza da Madawa da Kaita, inda ƙasar Adar ta cika da duwatsu da kwazazzabai, da wuya ya rasa sanin gidan da ake jinyar dattijo ko dattijuwa wadda gigin tsufa ya yi wa nisa, har ta daina shaida jikokinta, bayanta ya rankwafa, ganinta bai wuce gaban ƙafarta. Na ga irin wannan a gidan danginmu, wata gwaggo da ta tashi da asuba da butarta, igiyar akuya ta harɗe ta, ta kifa a gindin turke. Kafin hantsi kuwa masu zuwa dubiya sun kawo fassara iri-iri, wadda wata gaskiya ce, wata rabin gaskiya, wata kuma zalunci ce tsantsa.

Masu cewa shekaru da wahalar noma da daka da ɗaukar tulu ne suka lanƙwasa ta, suna da hujja, domin ƙashi yakan yi rauni da tsufa, musamman ga mata bayan ɗaukewar haila, har ƙasusuwan gadon baya su riƙa dannuwa. Amma ba nan zancen ya tsaya ba. Gigi ba wajibin tsufa ba ne, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana mafi yawaitar nau'inta a 1906, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 55. Tun da yake ƙwaƙwalwar da ke riƙe sunaye ita ce dai ke daidaita tsayuwa da taku, idan illa ta yi zurfi sai jiki ya sandare, taku ya gajarta, ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Wannan ya fi bayyana a nau'in gigin da ke da dangantaka da cutar karkarwa ta Parkinson.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta masu cewa iska ce ta hau ta, ko sammu aka yi mata, ko, wal'iyazu billahi, kurwar da ta ci ce ta danne mata baya. Wannan ba shi da asali ko kaɗan. Tsohuwar da take kiran sunan matattu cikin dare, ko take ganin mutanen da ba kowa ke gani ba, alamar cutar ce take nunawa, ba iƙirarin maita take yi ba. Addu'a alheri ce, ba mai hana ta. Abin da ba ya halatta shi ne a ɗora wa baiwar Allah tuhuma alhali ba ta da bakin kare kanta.

Akwai kuma masu zaton wanda ya rankwafa ya riga ya kusanci ƙasa, saboda haka faɗuwarsa ba ta da hatsari. Haƙiƙa akasin haka ne, gama nauyin kai da ƙirji ya rinjaya gaba da ƙafafu, ƙaramin tuntuɓe ya isa ya kifar da shi, hannu kuma ba ya saurin tarewa. Binciken likitoci ya nuna masu gigi sukan faɗi kimanin ninki biyu na tsofaffin da hankalinsu ke daidai, karayar ƙugu kuwa ita ce takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi.

Daga tsoron haka ne wasu, da kyakkyawar niyya, suke ɗaure shi da zane a gado, ko su kulle shi a ɗaki, ko su sayo ƙwayar barci wajen 'yan tallan magani a kasuwa. Duk ukun kuskure ne. Ɗauri ba ya hana faɗuwa, sai ƙara firgita da rauni. Doguwar kwanciya tana cinye ƙarfin cinya, ta kawo gyambo. Ƙwayoyi irin su diyazefam suna kawo jiri, wasu magungunan taɓin hankali kuma, kamar halofiridol, su da kansu suna sandarar da jiki, har su karkatar da mutum gefe guda.

Abin lura a nan shi ne bambanci tsakanin rankwafawar da ta zo sannu a hankali cikin shekaru da wadda ta auku cikin kwana biyu ko uku. Ta biyun tana iya zama zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko ƙishirwar bazara, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karayar da mai ita ya kasa faɗa. Haka nan wanda kansa ya bugu, ya shiga yawan barci ko amai, ko da bayan makonni ne, jini na iya taruwa a cikin kai. Irin waɗannan ba aikin maɗori ba ne. A fara da asibitin gari, in ya gagara a wuce Buza ko Madawa, ko Galmi da ke karɓar majinyata tun 1950, a kuma tafi da duk maganin da yake sha a nuna.

Gaskiya ne har yau ba a sami maganin da ke warkar da gigi ba, kuma bayan da ya daɗe a lanƙwashe ba ya miƙewa da tausa ko ja. Amma tsakar gida tana hannunmu. A kawar da turmi da igiya da dutse daga hanyar bayan gida, a rage tsawon dokin ƙofa, a bar fitila cikin dare, a ɗage zanen da ke jan ƙasa, a ba tsohon ruwa kafin ya roƙa. In zai tashi, ya zauna tukuna a bakin gado jiri ya wuce, a taka tare da shi ta gefe, kada a ja shi ta gaba. Malaman fiƙihu sun yi rangwamen salla a zaune ga mai rauni, taklifi kuma ya faɗi daga wanda hankalinsa ya gushe, saboda haka kada a tilasta masa tsayuwa ko azumi.

'Yan'uwa, in akwai irin wannan dattijo a gidanku, ku duba hanyar da yake bi zuwa bayan gida yau, kafin dare ya yi.