Moshi Zongo: Yadda jaridar bango ke sa 'yan firamare rubuta nasu labarin

A yawancin makarantun firamare na Tamale, abin da ake kira darasin rubutu kwafe ne kawai. Malami ya cika allo, yara su juye a littafi, ya bi da jan biro ya sa maki. Yaro zai kai aji shida da kyakkyawan rubutun hannu, amma ka ce ya ba ka labarin unguwarsu a jimla biyar, sai ya tsaya yana taunar bakin biro.

Matsalar ta game ƙasa. Gwajin da hukumar ilimi ta GES ta yi da tallafin USAID a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na 'yan aji biyu ke iya karatu ba gargada, su kuma fahimta. Mu a Moshi Zongo namu kayan ya fi nauyi. Yaro ya tashi da Hausa ko yaren Moshi a gida, Dagbani a wurin wasa, Larabci a makarantar allo, sannan a ce ya yi rubutu da Turanci. Cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar akwai Dagbani da harshen Gwanja, amma babu Hausa.

Ni aji biyar nake riƙe da shi, kuma abin da na lura shi ne yaro ba ya zage dantse a rubutun da malami kaɗai zai gani. Shi ya sa muka buɗe jaridar bango. Ranar Laraba kowa ya zaɓi abin da zai rubuta, Alhamis 'yan uku da muke kira editoci su duba, Juma'a a liƙa a baranda inda masu sayar da koko da ƙosai ke zama. Sai in ɗauki hoton takardun in tura zauren iyaye na WhatsApp.

Ba na ba da take. Wani ya rubuta farashin tumatir a kasuwar Aboabo, wani daren Bugum da yadda tocilan ciyawa suka cika titi, wata kuma wahalar neman ruwa da rani kafin ta zo makaranta. Wadda ta fi burge ni yarinya ce da ta zaunar da kakarta ta tambaye ta yadda iyayenta suka taso daga Wagadugu. Shafi ɗaya da rabi, daga yarinyar da a da sai ta yi layi uku ta ce ta gama! Yanzu da kansu suke zuwa: "Malam, yaya ake rubuta kalmar nan? Kawuna na Kumasi zai gani fa."

Zubin farko na yarje musu su yi da harshen da tunanin ya zo musu, ko da ajami ne, daga baya mu mayar Turanci tare. Wasu abokan aiki na ganin ɓata lokaci ne tunda jarrabawa da Turanci take. Ban yarda ba. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, da ajamin Hausa da Larabci ya rubuta abubuwan da masana tarihi ke nema har gobe. Jikokin almajiransa ne a gabanmu.

Akwai sharuɗɗa dai. Sunan farko kawai muke sawa, ba hoton fuska, kuma maganar cikin gida ba ta hawa bango. Na taɓa ajiye rubutun wani yaro kan rigimar gidansu, na karanta masa shi kaɗai. Kuɗin data da takarda daga aljihuna suke fita. Iyaye da dama ba su yi boko ba, sai yayyen yaran su karanta musu bayan magariba, su aiko da saƙon murya. Ranar Litinin da waɗannan saƙonni muke buɗe aji, kafin a cire takardun makon jiya a zuba su a kwali.